Iya Ruwa Fidda Kai: Gora, Audugar Rimi, da Yaran da Ruwa Ya Ci a Shagari

A tsakiyar watan Afrilun 2022, ana cikin azumin Ramadan, wani kwalekwale ya tashi daga ƙauyen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato ɗauke da mutum 35. Yawancinsu yara ne da matasa, za su haye ruwa su yo itacen girki. Jirgin ya kife kafin ya kai gaci. Mutum shida aka fitar da rai, aka yi wa 29 sutura. Bayan wata goma sha uku, ranar Talata 9 ga Mayun 2023, sai ga irin wannan labari daga Dandeji, a cikin ƙaramar hukumar dai, kuma a kan ruwa ɗaya. Gawa 15 aka fara tsamowa, 'yan mata 13 da yara maza biyu. Su ma itace za su yo.

Duk lokacin da haka ta faru, bayanin da ke biyo baya iri ɗaya ne: lodi ya yi yawa, jirgin ya tsufa, matuƙin ya yi ganganci. Babu ƙarya a ciki. Sai dai wannan bayani yana ƙarewa ne daidai inda jirgi ya kife, alhali kifewar jirgi ba ita ke kashe mutum ba. Abin da ke kashe shi yana faruwa ne a 'yan mintocin da suka biyo baya, sa'ad da ya tsinci kansa a ruwa, jirgin yana can, shi yana nan, kuma babu abin da zai riƙe hancinsa a sama. Kowace al'ummar da ta zauna a bakin ruwa ta daɗe tana tunanin waɗannan mintoci, ta kuma tanadar musu wani abu. Ƙasar Hausa ma ta yi nata tanadin. Tambayar da ta dace a yi game da Shagari ita ce yadda aka yi tanadin ya tsaya a wani wuri, ruwan kuma ya tafi wani wurin.

Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu, ko da a talabijin ne, ya ga wannan tanadi da idonsa. Dubban masunta ne ke rugawa cikin Matan Fada, kowa da homarsa a hannu da ƙatuwar gorarsa. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka gorar ma'ajin kifi ce kawai. Aikinta na farko shi ne ɗaukar mai ita. Masunci yakan kwanta a kanta da ƙirjinsa, ya yi tuƙi da hannu da ƙafa, ya nutsa ya taso ya sake dafa ta ya huta. Busasshen duma mai iska a ciki ba ya nutsewa, kuma gora babba tana iya ɗaukar ƙaton namiji da kifin da ya kama. Bikin a siffarsa ta yau ya samo asali ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka rufe babin tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma gorar ta girmi bikin nesa ba kusa ba.

Ba gora kaɗai ba ce. Akwai tsari sukutum a bayanta. A kwarin Rima da Gulbin Kabi, ruwa sana'a ce mai ma'abota. Akwai Kabawa masunta, akwai Sarkawa, waɗanda masana tarihi ke danganta asalinsu da Sorko na daular Songhai, suka zama Hausawa a harshe suka bazu har Yawuri da gaba. Ruwayar baka ma ta ce Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, yana da jirgin ruwa na musamman da aka lulluɓe da tagulla. A garuruwan bakin gulbi akwai Sarkin Ruwa, kuma ko da mutum ya ajiye batun tsatsube-tsatsuben da ke tattare da sarautar a gefe, abin da ya rage mai nauyi ne: mutum ne da ya san inda ruwa ke da zurfi da inda yake juyawa, yana da ikon ya ce yau ba mai shiga, kuma idan wani ya nutse shi da yaransa ake kira. Haye da mutane ma sana'a ce mai suna, wato fito, da kuɗinta da masu yin ta. Inda babu jirgi, akan zuba kayan matafiyi a masaki, ya riƙe bakinsa, gwanin ruwa ya tura su zuwa ƙetare. Wasannin kabanci da ake yi a Argungu, irin su tseren ninkaya da nutso da tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da hannu, a yau nishaɗi ne ga baƙi, amma a ainihinsu jarrabawa ce ta abin da aka koya wa yaro tun yana ƙarami.

Daga irin wannan duniya karin maganar nan ta fito, wadda ke cewa iya ruwa fidda kai. Yau muna amfani da ita a kan siyasa da kasuwanci da zaman ofis, har mun manta cewa a zahirinta ƙa'idar sana'a ce. Ma'aunin gwaninta a ruwa shi ne mutum ya iya fitar da kansa idan abu ya ɓaci.

Ruwan da ya zo daga baya

Shagari da Boɗinga da Sifawa ba su shahara da ruwa ba. Tarihinsu na malamai ne da manoma da makiyaya. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan yaƙe-yaƙen jihadi kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Garin Shagari shi ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Ƙasa ce ta tudu da fadama, wadda rafukanta ke cika da damina su janye da rani.

A nan ya kamata mai karatu ya sake duban watannin da haɗurran biyu suka faru. Afrilu da Mayu ne, ƙarshen rani, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa a ƙasar Sakkwato kuma yawancin rafuka suka zama rairayi. Ruwan da zai iya cin mutum 29 a irin wannan lokaci ruwa ne da aka tare. Shagari tana da madatsar ruwa, ɗaya daga cikin ayyukan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An kafa wannan hukuma a 1973, a tsakiyar farin da ya addabi yankin Sahel, kuma a ƙarƙashinta aka gina Bakolori, wadda aka kammala a 1978, da Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Manufar a bayyane take, kuma mai kyau ce: noman rani, ruwan sha, kifi. Ba wanda ya san yunwar shekarun 1970 da zai raina ta.

Abin da ba a lissafa ba shi ne yadda tafki ke sake zana taswirar rayuwar ƙauye. Hanyar da ake bi da ƙafa zuwa gona ko kasuwa ko dajin itace sai ta koma ƙarƙashin ruwa. Zagayawa ta tudu tafiya ce mai nisa, hayewa kuma 'yan mintoci ne. Mutanen da kakanninsu ba su taɓa riƙe filafili ba sai suka wayi gari fasinjojin jirgi. Jirgin ya iso, domin jirgi abu ne da ake saye. Ilimin da ke tafiya da jirgi a Argungu da Yawuri, wanda ake gada kuma ake koya cikin shekaru, bai biyo shi da sauri haka ba. Ko inda masunta suka zo suka zauna a bakin sabon tafki, ilimin yana jikinsu ne da na 'ya'yansu, bai ratsa zuwa ga yarinyar da aka aika itace ba.

Wanda ya bi jerin manyan haɗurran Arewa zai ga wannan zare yana maimaituwa. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kabi, a kan tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968 ya shanye garuruwa da dazuzzuka, kututturan bishiyoyinsu kuma suna nan a ƙarƙashin ruwa suna jiran cikin jirgi. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 mutum 29 suka rasu a Bagwai ta jihar Kano, galibinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, a kan madatsar Watari. Ranar 17 ga Agustan 2025 jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Ba duka haɗurran ne ke faruwa a madatsu ba. Na Patigi a jihar Kwara, wanda ya ci mutum fiye da 100 'yan biki a watan Yunin 2023, a kan kogin Kwara ya faru. Amma a ƙasar Hausa ta tudu, babban ruwa mai zurfi duk shekara yawanci aikin injiniya ne, kuma bai fi shekara sittin ba.

Mutanen da suka fi kowa nazarin rabuwa da jirgi

Idan ana neman waɗanda suka fi zurfafa tunani a kan mintocin bayan kifewa, sai a tafi can ƙarshen arewacin duniya. Mutanen Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska su suka ƙirƙiro kayak, wani siririn kwalekwalen mutum ɗaya da ake ɗinkawa da fatar dabbar ruwa a kan ƙashi ko itace. A ruwansu, wanda ya faɗa ya rabu da jirginsa ba shi da dogon lokaci kafin sanyi ya kashe masa gaɓoɓi. Saboda haka suka gina fasaharsu a kan kada a rabu da jirgin sam. Mafarauci yakan sa riga ta fata da ake ɗaure ta a bakin ramin da yake zaune, ta yadda ruwa ba zai shiga ba, ya kuma koyi yadda zai juyo da kansa da jirgin sama idan sun kife, da filafili ko ma da hannu. Masunta na Girinlan suna da salon wannan juyi iri-iri, kowanne da yanayin da aka tanade shi dominsa. Suna kuma ɗaukar fatar dabba da aka hura wa iska. Wannan dabara ta hura fata tsohuwa ce ƙwarai: a zane-zanen dutse na fadar Nimrud ta Assuriyawa, a ƙasar Iraƙi ta yau, waɗanda aka sassaƙa a ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa, ana ganin mutane suna haye kogi rungume da fatun da aka hura. Bahaushe zai gane abin nan take, domin salka ce.

A ƙarni na 20 kayak ya zama abin wasa da yawon buɗe ido a Turai da Amurka, masu shiga teku da shi suka gaji wannan damuwa suka mayar da ita darussa. Sun lura cewa jirgi mara nauyi idan ya kuɓuce, iska tana tafiya da shi fiye da saurin ninkayar kowane gwani. Daga nan suka fitar da ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci a wurinsu: duk abin da zai ceci ranka ya kasance a jikinka. Rigar da ke hana nutsewa a sa ta a ɗaure tun kafin a shiga ruwa, usur da fitila da na'urar kiran agaji su kasance a aljihunta. Abin da aka ajiye a cikin jirgi na jirgi ne, idan ya tafi ya tafi da shi. Labarin Andrew McAuley, ɗan ƙasar Ostireliya, shi ake yawan kawowa. A watan Janairun 2007 ya tashi daga tsibirin Tasmaniya shi kaɗai zai haye teku zuwa Niyu Zilan. Ya yi wata guda yana tuƙi. A watan Fabrairu aka tsinci jirginsa yana yawo, saura kimanin kilomita 55 ya kai gaci, da na'urar kiran agajinsa a ciki. Shi kuwa ba a gan shi ba har yau.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a manne wa jirgin ko da ya kife. Jirgi ya fi kan mutum girma, mai nema zai fi saurin hango shi, kuma abin dafawa ne. Gaci yakan yi kama da kusa ga wanda ke cikin ruwa, mutane da yawa kuma sun mutu a tsakanin jirgin da bai nutse ba da gacin da ba su kai ba. Tarihin kogin Kwara ma yana da misali. A farkon 1806 jirgin Mungo Park ya maƙale a duwatsun Busa ana kai masa hari. Shi da Turawan da suka rage suka faɗa ruwa, ruwa ya cinye su. A ruwayar Amadi Fatuma, jagoran da ya rabu da su a Yawuri, wanda ya tsira shi ne wani bawa da ya zauna a cikin jirgin. Yanayin yaƙi ne, ba a gina hukunci a kansa, amma abin lura ne. Busa ɗin ma tana ƙarƙashin tafkin Kainji yanzu.

Ita kuwa rigar da muke kira rigar kariya, tarihinta gajere ne. A 1854 Kyaftin John Ross Ward, sufeto a ƙungiyar ceton rai a teku ta Birtaniya, RNLI, ya ƙera riga da ɓawon wata bishiya mara nauyi, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Matuƙa ba su so ta ba. Tana da nauyin ɗauka, tana hana sakewa, wasu kuma suna ganin sa ta alamar tsoro ce. Ranar 9 ga Fabrairun 1861 guguwa ta kifar da jirgin ceto na garin Whitby da mutum 13 a ciki. Mutum 12 suka mutu a gaban idon jama'ar gari. Wanda ya fita shi ne Henry Freeman, kuma shi kaɗai ne ke sanye da sabuwar rigar. Nutsewar Titanic a 1912, da yarjejeniyar kare rayuka a teku da ta biyo baya a 1914, su suka share fagen mayar da tanadin kayan ceto wajibi a manyan jirage na ƙasa da ƙasa.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya kamata ya ba Bahaushe dariya da takaici a lokaci guda. Daga farkon ƙarni na 20 aka fara sauya ɓawon bishiyar nan da wani abu mai laushi da ya fi shi ɗaukar nauyi. RNLI ta karɓe shi a 1904, kuma da shi aka cika rigunan sojojin ruwa da yawa a yaƙin duniya na biyu. Turawa suna kiransa kapok, mafi yawansa kuma daga tsibirin Jawa na Indunusiya ake kai musu. Wannan abu audugar rimi ce. Zarenta rami ne da shi a ciki mai riƙe iska, bayansa kuma yana da santsin da ke korar ruwa. Ita ce muke cusawa a matashi da katifa, da ita ake cika lifidin dawakin yaƙi, sunan bishiyarta ke kan Kasuwar Rimi a Kano da Unguwar Rimi a Kaduna da garin Rimi a Katsina. Tana da aibinta, domin idan ta daddanne ko mai ya jiƙa ta takan daina aiki, shi ya sa daga baya soso na roba ya maye gurbinta. Amma dai na tsawon shekaru kusan hamsin, abin da ke riƙe da matuƙan duniya a saman teku yana zuba a gindin bishiya a Zariya.

Daga doka zuwa mashigi

Najeriya ba ta rasa doka ba. An kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, a 1997, da hedikwata a Lakwaja. A 2023 aka ƙirƙiri ma'aikatar tarayya ta harkokin teku, aka kuma fitar da kundin ƙa'idojin sufurin ruwa wanda ya wajabta sa rigar kariya, ya hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. A 2025 ma'aikatar ta ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12, aka fara daga Minna. Ba abin rainawa ba ne. Sai dai dokar ta fi dacewa da tasha mai jami'i da rajista da tikiti. Mashigin ƙauye ba shi da ko ɗaya. Yaro ne ko dattijo da jirgin katako, sai fasinjojin da suka san shi ya san su, waɗanda ba zai iya ce wa ta ashirin da ɗaya ta jira sawu na gaba ba, domin 'yar maƙwabcinsa ce kuma rana tana yi.

Riga kuma ba ta aiki don an raba ta. Dole ta kasance a mashigin, ba a ɗakin ajiya na sakatariya ba. Dole ta yi daidai da jikin mai sa ta, domin rigar babba a jikin 'yar shekara goma takan zame ta kai idan an faɗa ruwa, ko ta taso ta rufe fuska. Dole a ɗaure ta. Rana da ƙura suna cin soson da ɗinkin, saboda haka dole wani ya riƙa dubawa yana sauyawa. Duk wanda ya ga hoton bikin rabon riguna yana da haƙƙin ya tambayi guda nawa ne na yara a ciki, tunda a Gidan Magana da Dandeji da Bagwai yara ne suka fi mutuwa.

Kafin rigar ta iso, akwai magajiyar gora a kowane gida, wato jarka. Lissafin mai sauƙi ne. Jarka mai cin lita 20, idan babu komai a ciki kuma murfinta ya rufu sosai, tana iya ɗaga nauyin da ya kusa kilo 20 a ruwa. Rigar da aka ƙera don teku tana ɗaga kimanin kilo 15. Jikin mutum a ruwa kusan ɗaukar kansa yake yi, abin da yake bukata kilo kaɗan ne da za su riƙe kai a sama. Bambancin da ke tsakaninsu, kuma babba ne, shi ne jarka sai an riƙe ta, riga kuwa ita ke riƙe mutum, mai kyau ma takan juyo da fuskar wanda ya suma sama. Hannun da ya gaji ko ya firgita yakan saki. Maganin wannan igiya ce da za a zarga a hannun jarkar a yi mata madauki da za a rataya a kafaɗa, kuma wanda zai je itace da igiyarsa yake tafiya. Jarka ba ta kai riga ba, kuma bai kamata wata hukuma ta fake da ita ba. Amma jirgin da aka jera wa jarkoki goma a gefe ya bambanta da wanda babu komai a cikinsa.

Sauran abin a jiki yake da kuma kai. Mai nutsewa ba ya ihu yana ɗaga hannu kamar a fim. Numfashi yake nema, ba shi da iskar kira, kuma yakan ɓace cikin ƙasa da minti ɗaya. Abin da hannunsa ya taɓa zai damƙe ya hau, ko da ƙanwarsa ce. Wannan ne ya sa jirgi mai cunkoso ke cin har waɗanda suka iya ruwa, kuma shi ya sa masu koyar da ceto ke cewa a miƙa sanda ko a jefa abin da ke yawo a sama kafin a yi tunanin shiga. Wanda ya tsinci kansa a ruwa, abin da ake koya masa shi ne ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya bar kunnuwansa su shiga ruwa, ya jira numfashinsa ya daidaita, sa'an nan ya nemi abin dafawa. Jirgin katako da ruwa ya cika sau da yawa ba ya zuwa ƙasa, yakan tsaya dab da saman ruwa, kuma zai ɗauki mutane da dama idan gefensa suka dafa ba hawansa suka yi ba. Sutura ma tana da nata hukunci. Zane da dogon hijabi da babbar riga ba su jan mutum ƙasa kamar dutse, amma suna naɗe ƙafa da hannu, suna rufe fuska. Wannan magana ce da mata za su fi iya koya wa 'yan mata, a wurin da aka keɓe, kuma rashin irin wannan wuri yana cikin dalilan da suka sa yaro namiji ke tashi da ɗan abin da ya koya a kududdufi, 'yar'uwarsa kuwa ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Goma sha uku da biyu, lissafin Dandeji ke nan. Ba a rasa madogara a addini ba: sananniyar magana ce da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa ya yi umarni a koya wa yara ninkaya.

Wata ƙasar Musulmi mai fama da talauci ta gwada wannan. A Bangaladash, inda nutsewa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara, wata cibiyar bincike ta ƙasar ta fara shirin SwimSafe a tsakiyar shekarun 2000. Ba a gina wurin wanka na zamani ba. Kududdufin ƙauye ake kafa wa dandamali da shinge na itacen gora, a horar da matasan ƙauyen maza da mata su zama malamai. Yaro ya ci jarrabawa idan ya iya ninkayar mita 25, ya tsaya a saman ruwa na daƙiƙa 30, ya kuma iya ceton wani daga bakin gaci ba tare da ya shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, fiye da kashi 90 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, ta sa irin wannan horo cikin matakan da take ba ƙasashe shawara a kai.

Saura batun alhaki. Ranar 22 ga Maris 1993 wata cibiyar wasanni ta fita da ɗalibai takwas cikin ƙananan jirage a gaɓar Lyme da ke kudancin Ingila. Iska ta kora su cikin teku, jiragen suka cika da ruwa, ɗalibai huɗu suka mutu. A ƙarshen 1994 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin, ta kuma kama kamfanin kansa da laifin kisa, a 1995 majalisa ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga cibiyoyin da ke karɓar kuɗi suna fita da yara irin wannan wasa. Yara huɗu ke nan. A Shagari an binne aƙalla 44 cikin wata goma sha uku. Ba ɗaure matuƙin ƙauye ne zai zama kwatankwacin wancan hukunci ba, domin shi ma sau da yawa nasa suna cikin gawarwakin. Kwatankwacinsa shi ne a san wanda za a tambaya. Hukumar da ta tare ruwa tana da injiniyoyi da ma'aikatan noman rani. NIWA tana da doka. Ƙaramar hukuma tana da kansila a kowace mazaɓa. Masarauta tana da hakimi da dagaci, kuma ita ce ta san yadda ake naɗa Sarkin Ruwa a ba shi ikon hana jirgi tashi. A cikin waɗannan huɗu, wadda take kwana a ƙauyen ta kuma san yawan yaran da ke hayewa kowace safiya ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce ba ta da kasafin kuɗin sayen riga ko ɗaya.